Idon Sawun Bahago

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Saja Manjo ɗinmu na sashen gwajin makaman sojan ƙasa, wanda bariki kaf ba a san shi da wani suna ba sai Bahago. Ya cika a asibitin sojoji bayan gajeriyar jinya, ciwon hanta ne da bai nuna kansa ba sai da ya gama ɓarna. Ya bar mata da 'ya'ya da jikoki, ya bar ɗalibai a kowace runduna. Na Allah muke dukanmu, kuma wurinsa za mu tattara mu koma.

Bahago, na san na makara da wannan rubutu. Waɗanda suka san ka daga nesa sun riga sun yi nasu, sun yi kyau, ni da na fi kowa kusa da kai na yi shiru har ana tambaya ko lafiya. Kai ka jawo. Ka ce kada in zo maka da kuka, in jira ranar gwajin bindigar nan da ka ƙarar da ƙarfinka a kanta, in zo maka da sakamako. An yi gwajin, ga ni na zo, amma ka yi haƙuri in fara gaya wa mutane ko kai wane ne a wurina, don yawancinsu ba su san irin aikinmu ba.

Maharbin nesa ba ya aiki shi kaɗai. Yana kwance da bindiga, idonsa a madubinta, abin da yake gani ɗan da'ira ne kawai. A bayansa, ɗan gefe kaɗan, akwai wani kwance da babban madubin hange, shi ke auna nisa, shi ke karanta iska a jikin ciyawa da rawar kawalwalniya, shi ke cewa a gyara dama ko hagu, shi ke cewa a saki harsashi. Wannan mutum na biyu shi ne mai hange, kuma ni ne naka tun muna da baƙin gashi. Mai hange yakan kwanta a daman maharbinsa. Ni a hagu na yi rayuwata, tunda Allah ya haɗa ni da mai harbi da hagu.

Ba zaɓarka na yi ba, kai ma ka sani. Ragowa ka yi a layi. Bindigogin lokacin duk don na-dama aka ƙera su, kwanson harsashi mai zafi yana fita ta dama, wato daidai wuyan mai harbi da hagu, kuma kowa yana cewa aiki da kai wahala ce. Na zo na tarar da kai zaune a bakin ma'ajiyar makamai kana shafa mai a ƙunar da ke wuyanka, ka ɗago ka dube ni sama da ƙasa ka tambaya ko ni ne wanda aka ce ya iya karatun iska. Da na ce ni ne, sai ka ce to alhamdulillahi, yau an haɗa ka da sarkin 'yan iska. Sunan nan ya bi ni har na yi jika, kuma ba wanda ya isa ya kira ni da shi in amsa sai kai.

Abin da ya sauya mu ya faru ne a wani kwari mai duwatsu ta kowane gefe. Rundunarmu ta shiga da rana tsaka, aka buɗe mana wuta daga kan tsauni, daga nisan da bindigogin yaranmu ba sa kaiwa. Suna ganin inda wutar ke fitowa, suna harbi, harsashinsu yana faɗuwa a gindin dutse yana tayar da ƙasa. Bindigarka kaɗai ce mai dogon hannu a cikin mutum fiye da ɗari. Ka yi abin da mutum ɗaya zai iya, amma tsauni ba ɗaya ba ne. Mun kwashi gawarwaki da yamma, cikinsu har da masu jakar harsashi da ta ƙare tas. Ba tsoro ya kashe su ba, ba rashin horo ba, an tura su ne da makamin da bai kai inda abokin gaba yake ba. A ranar ce kuma wani abu ya fashe kusa da mu ya tafi da jinka, kunnen hagu ya mutu ɗungurungum, na dama saura ɗan kaɗan.

Likitoci suka ce aikinka ya ƙare, don maharbin da ba ya jin mai hangensa ba shi da amfani a fili. Kai ka ce kunne aka ɗauke maka, ƙafa tana nan. Daga nan muka ƙirƙiri maganarmu. Ina kwance a hagunka, hannuna na dama a kan idon sawunka. In na riƙe gam, ka jira, iska tana sauyawa. In na ja yatsa dama ko hagu, ka gyara saiti. In na matsa sau biyu, ka saki. In harsashi ya samu, sai in mari dunduniyar takalminka. Kai kuma in ka shirya sai ka ɗan girgiza ƙafar. Don hannuna ya kai ga fata, ka daina ɗaure igiyar takalmin hagu har sama, kuma Allah kaɗai ya san hukuncin da ka sha a fareti saboda wannan sakin igiya, ba ka taɓa tsayawa yi wa kowa bayani ba.

A filin harbi akwai allunan ƙarfe da ake kafawa can nesa, in harsashi ya doki ɗaya, ƙarar takan ɗan daɗe kafin ta iso. Maharba suna son ƙarar nan fiye da kowane kiɗa. Kai tun daga kwarin ba ka sake jinta ba, a dunduniyarka kake jin ka samu.

Da aka mayar da mu sashen gwajin makamai, na ɗauka hutu ya zo. Ashe kai ba ka fito daga kwarin nan ba. Kullum maganarka ɗaya ce, a ofis, a taro, a wurin shan shayi: yaƙi ya ja da baya, mu kuma hannunmu bai ƙara tsawo ba. Da, sai ka ga fuskar wanda kake yaƙa. Yanzu ƙaramin jirgi marar matuƙi ya gan ka tun kana ɗaura takalmi, wanda zai harbe ka yana can inda ko rigarsa ba za ka bambance ba. Ba ka yarda maganin wannan shi ne a tara gwanaye kaɗan a ajiye su a hedikwata ba. Abin da ka nema shi ne kowane ƙaramin rukuni na sojan ƙasa ya samu bindiga guda mai kaiwa mita ɗari takwas, da madubi mai auna nisa, da mutum biyu da aka horar tare, don kada a sake samun yaran da za su kwanta bayan dutse suna jiran wani ya zo daga nesa ya cece su.

Manya sun saurare ka, ba zan yi musu ƙarya ba, amma abin gwamnati tafiyarsa a hankali take. Aka kawo samfuri, ka ce ya yi nauyi. Aka kawo wani, ka ce madubinsa yana shan batir kamar rami. Ba kuma da baki kake yanke hukunci ba. Duk abin da za a ɗora wa soja sai ka fara ɗora wa kanka, da sulke, da rediyo, da ruwa, da batura, da harsashi, ka yi ta hawa da sauka a matakalar benen ofis har masu shara suka saba suna matsa maka da bokitinsu. Wata rana Injiniya, matar da ta tsara madubin, ta same ka zaune a matakala kana haki, ta ce ai akwai sikeli a ɗakin gwaji. Ka yi dariya ka ce sikeli ba shi da gwiwa. Ita ma ta yi dariya, washegari sai ga ta da jakar a bayanta tana bin ka, kuma tsakanin lissafinta da gwiwarka kuka rage wa madubin nan nauyi har ya zama abin da mutum zai yini da shi.

Sharaɗi ɗaya ne ka kafe a kansa har wasu suka ce son kai ne, wato a iya juya wa bindigar mafitar kwanso ta koma hagu. Duk sabbin ɗauka da suka zo filin, wuyansu kake fara dubawa. In ka ga ƙuna sai ka ja mutum gefe, ka ciro 'yar kwalbar mai daga aljihu, ka ce masa ku 'yan gida ɗaya ne. Na san sojoji da yawa da aka tilasta wa harbi da dama har suka ɗauka ba su da ido, kai ka mayar musu da hannunsu.

Alherinka a wajen aiki ma irin wannan ne, ba ya zuwa da surutu. Gidajen waɗanda muka rasa a kwari, ba wanda ba ka taka ba. Ba wa'azi kake kai musu ba, akwatin kayan gyara kake ɗauka. Famfo mai ɗiga, ƙofar da ba ta rufuwa, keken yaro da sarƙarsa ta zame, ka gyara, ka sha ruwa, ka tafi. Wata daga cikin matan ta taɓa ce mini ita ba ta san muryarka sosai ba, amma ta san ƙarar gudumarka.

Shekarar da maiɗakina ta rasu, 'ya'yana suka zo suka yi kwanakinsu suka koma garuruwan da suke aiki, gidan ya rage daga ni sai agogon bango. Mutane sun yi ƙoƙari, sun faɗi duk abin da ake faɗa. Kai kullum da la'asar sai in ji ka turo ƙofa. Ba ka cewa komai, tunda ko na amsa ba ji za ka yi ba. Wata la'asar ina zaune a ƙasa na miƙe ƙafa, abin duniya ya ishe ni, ina tunanin da bai kamata mai imani ya yi ba. Ka sauko daga kujera ka zauna, ka kama idon sawuna ka riƙe gam. Na gane. Ka ce in jira, iska za ta sauya. Ba ka saki ba sai da aka kira magariba, kuma ba mu taɓa tayar da zancen ba bayan nan.

An sa ranar gwajin ƙarshe a gaban kwamiti kana kan ƙafarka. In bindigar ta ci, a fara raba ta ga rundunonin da ke bakin daga. In ta faɗi, a rufe maganar, sai kuma wani zamani. Kai za ka harba, ni in yi maka hange, haka aka tsara. Sai ciwo ya kayar da kai. Ranar da na je ganinka ta ƙarshe, da yamma ce, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gadon, kai kuma ka rame har zoben hannunka yana juyawa. Maiɗakinka ta fita neman ruwan zafi. Ka ce in ɗauki Kofur Barkono a madadinka, wanda aka laƙaba wa sunan saboda saurin fushi, ka ce hannunsa ya nuna, haƙuri ne ya rage masa, shi kuma aikina ne. Sannan ka yi maganar sakamako.

Na zagaya hagun gadon, don ban iya tsayawa a wani gefen ba, na sa hannu ƙarƙashin mayafi na kama idon sawunka na riƙe gam. Ka dube ni ka yi murmushi, sannan ka girgiza ƙafar a hankali. Ka ce ka shirya. Na ƙi matsawa, Bahago. Duk tsawon zamanmu ban taɓa hana ka saki ba in ka shirya kuma iska ta kwanta, amma a ranar na riƙe har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokacin ziyara ya wuce. Wanda ya fi ni iko da kai bai jira hannuna ba.

Yanzu ga sakamakon.

Ranar gwajin an wayi gari da iska mai gardama, tana busawa tana tsayawa. Kwamiti suka zauna a rumfa da madubai a hannu, Injiniya tana tsaye bayansu ta harɗe hannu. Tabarmin roba guda biyu da muke kwanciya a kai wurin harbi suna inda muka bar su, taka da ramin gwiwar hannunka a jiki. Barkono ya kwanta a kan taka, ni kuma ƙafata ta kai ni hagu ba tare da na sani ba. Ya ɗago a hankali ya ce, "Baba, ta dama." Na ja tabarmata na zagaya, komai ya juye mini, har madubin sai da na sake kafa shi.

Alluna na kusa ba su ba mu wahala ba. Mun yi atisaye da Barkono kafin ranar, na koya wa bakina faɗin abin da hannuna ya saba faɗa, ina magana yana harbi, ƙarfe yana amsawa. Saura allon ƙarshe, wanda ke bayan kwazazzabo, inda iska take bin hanya biyu. Shi ne dalilin taron, don kowace bindiga tana iya na kusa. An ba mu ɗan lokaci ƙayyadadde, mai agogo yana tsaye a kanmu. Na nutse a cikin madubi, na manta rumfa, na manta kwamiti. Ciyawar bakin kwazazzabo ta kwanta, ta tashi, sannan ta tsaya cak, kawalwalniya ta miƙe sama sak. Irin lokacin nan ne da kai da ni muke jira yini guda. Na kai hannu na matsa idon sawu sau biyu.

Shiru. Na sake matsawa. Ciyawa ta fara kwanciya, damar ta wuce ina kallo. Barkono ya ɗauke ido daga madubi, ya juyo da ladabi ya ce, "Baba, ƙafata ta tare maka wuri ne? In matsa?"

A nan ne ka mutu a wurina, Bahago, ba a asibiti ba, ba a maƙabarta ba. Takalminsa ɗaure yake tam har sama. Na gane maganar da na fi iyawa a duniya mutum biyu ne kaɗai suka san ta, kuma yanzu saura ɗaya. Na ji kaɗaici irin wanda ban ji ba ko ranar da na dawo gida na tarar ba maiɗakina, don a ranar kana nan.

Mai agogo ya yi gyaran murya. Na ce wa Barkono ya koma madubinsa ya jira. Wannan mai saurin fushin ya kwanta lamo, bai motsa ba, horonka ne a jikinsa. Iska ta yi ta wasa da mu har na ji ana jan kujeru a rumfa. Da ta sake tsayawa, na buɗe baki na ce, "Saki." Bindiga ta tashi. Aka yi ɗan shirun nan da ka sani, sannan ƙarar ƙarfe ta taso daga bayan kwazazzabo, kowa a filin ya ji ta. Hannuna na dama ya ɗaga da kansa ya mari inda dunduniyarka take zama, ya sauka a kan tsakuwa.

Kwamiti sun amince. Za a fara da rundunonin tsaunuka, kowane rukuni bindiga guda da mutum biyu, kuma mafitar kwanso tana juyawa hagu kamar yadda ka kafe. Injiniya ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ɗauki tabarmarka ta naɗe ta ba ni. Ɗakin aikinmu yana nan yadda ka bar shi, kofinka a kan taga, kwalbar man ƙuna a aljihun tebur. Har yanzu in na shiga sai in buga ƙafa a ƙasa don ka ji motsi kada in firgita ka.

Daga filin gidanka na wuce. Ranar jana'iza na bi layi ne tare da jama'a, na yi wa iyalinka gaisuwa kamar kowa, don mai hange ba ɗan'uwa ba ne, ba suruki ba, ba shi da wurin zama a cikin masu karɓar gaisuwa. Wannan karon na tarar gidan ya yi shiru, maiɗakinka tana zaune a falo, takalmanka na aiki suna bakin ƙofa, na hagun igiyarsa a sake. Na gaya mata bindigar ta ci. Ta ga ina kallon takalmin, ta ce ta yi shekaru tana yi maka faɗa a kan igiyar nan, tana ce maka babba da kai ba ka iya ɗaure takalmi ba, kai kuma sai dai ka yi dariya. Na zauna na faɗa mata dalili. Da na gama, ta kira ni da muƙamina ta ce, "Saja, mu kowa ya zo ya yi mana gaisuwa. Kai wa ya yi maka? Allah ya ba ka haƙuri, Allah ya jiƙan ɗan'uwanka." Ita ce mutum ta farko da ta faɗa mini haka.

Allah ya jiƙanka, Bahago, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa wahalar da ka sha da ciwon da ka yi jinya su zama kaffara. Duk sojan da zai koma wurin 'ya'yansa saboda hannunsa ya kai inda da ba ya kaiwa, Allah ya kai ladan gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka da suke kirana Baffa, da jikokinka, da Injiniya da Barkono da duk abokan aiki, da 'yan gidanku masu harbi da hagu a duk inda suke. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen.

Ka girgiza ƙafa a asibiti na ƙi amsa maka, ga amsar yanzu, da baki, tunda hannuna ba ya kaiwa inda kake: iska ta kwanta, ɗan'uwana, na sake ka. Harsashinka ya samu.